Amsa kan kalmar "wicked" da jikan Yaya ya rubuto

Assalamu alaikum. Yaya, na saurari saƙonki, kuma na fahimci cewa ba fassarar ƙamus kike nema ba. Abin da ya dame ki shi ne ko jikanki da ke Landan raini ya yi miki da ya rubuto "wicked" a ƙarƙashin hoton kaftanin sallar da kika ɗinka masa. To ki kwantar da hankalinki, yaron nan yabo ya yi, kuma yabo ne mai ƙarfi.

Gaskiya ne cewa asalin ma'anar kalmar ita ce mugu ko azzalumi, kuma da wannan ma'anar aka koya mana ita a makaranta. Tsohuwar kalma ce, tana cikin Turanci tun ƙarni na 13. Sai dai matasan Birtaniya, musamman a shekarun 1980 da 1990, sun mayar da ita kalmar yabo, ta yadda idan waƙa ta yi daɗi, ko ɗan wasa ya ci ƙwallo mai kyau, ko an ba mutum kyautar da ta burge shi, sai ya ce "wicked", yana nufin abin ya kai maƙura.

Kuma ban ga abin mamaki a nan ba, tunda mu ma haka muke yi. Sau nawa ke da kanki kika ce miya ta yi mugun daɗi, ko amarya ta yi masifar kyau, ko atamfa ta yi bala'in tsada? Babu wanda ya taɓa zaton zagin miyar kike yi. Bari ma in gyara maganata, domin ba daidai suke sak ba. Namu "mugun" ƙarfafa wata kalma yake yi, kuma waɗanda suke amfani da "wicked" haka su ne mutanen Boston a Amurka, inda ake cewa "wicked good", wato mugun kyau. A Ingila kuwa ita kaɗai ake faɗa, kamar yadda za mu ce "madalla" ko "ya yi".

Abin da ya sa nake ɗaukar wannan magana da zafi shi ne abin da na gani da idona a shagon wani tela. Wani bawan Allah ya zo karɓar babbar riga tare da ɗansa wanda ya tashi a Ingila, yaron ya shafa aikin wuyan, ya zaro ido ya ce "wicked". Sai wani mai zaman shago da ya ɗan taɓa boko ya yi farat ya ce wa telan ai mugu aka kira shi. Dattijon nan, wanda ya shafe makonni yana aikin hannu a kan rigar, ya ninke ta bai ce uffan ba, ya ƙi ko amsa sallamarsu ta tafiya. Sai da na koma washegari na yi masa bayani, amma har yau abin yana ci mini rai, domin mai fassarar ya ga fuskar yaron cike da murna, ya kuma ji muryarsa, duk da haka ya zaɓi ma'anar da ya haddace a aji.

Amma a kiyaye, a nan Nijeriya kalmar tana nan da tsohuwar ma'anarta, kuma idan aka ce wa mutum "you are wicked" to muguntarsa ake faɗa. Ba a kuma sa ta da ma'anar yabo a takardar neman aiki ko wasiƙar ofis, maganar abokai ce. Yaran yanzu ma sun fi cewa "sick", wadda asalinta mara lafiya ne, don haka idan ya rubuto miki ita gobe kada ki ɗauka ciwo ne ya kama shi.

Ki kira shi da daddare, Yaya, ki tambaye shi lambar hularsa, a haɗa masa da zanna bukar kafin mai tafiyar ya tashi.