Da na sa giya sai injin jirgin ya mutu: laifin inji ne ko na giya?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Na sayi jirgin ruwa na hannu, irin wanda injinsa ke zaune a cikin jirgin, sandar farfela ta fita ta ƙasa. Injin fetur ne mai silinda 8 da kafireto, kuma ya yi kusan shekara 2 a ajiye. A firi yana tashi lafiya lau. Amma da na tura giyar gaba sai ta yi jinkiri, ta shiga da ƙara, wani lokaci ma injin ya mutu. An ce mini giyar ce ta gama aiki, a sauke ta. Me ka gani?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Kada ka sauke giyar nan tukuna. Abu biyu ka kawo mini, jinkirin shiga da mutuwar inji, kuma ba lallai ne tushensu ɗaya ba. Sau da yawa mutuwar daga inji take. Inji a firi ba ya ɗauke da komai, ko marar lafiya ne zai yi maka ƙara mai daɗi. Sai farfela ta kama ruwa ake sanin ƙarfinsa.

Kafin ka taɓa makulli, kunna fankar zuƙe iska ta ɗakin inji na minti 4, domin tururin fetur ya fi iska nauyi, a ƙasan jirgi yake kwanciya. Kuma kada ka tayar da inji babu ruwa, robar famfon sanyaya shi tana ƙonewa nan da nan.

Fara da mai. Fetur ɗin da ya shekara 2 a tanki ya lalace, ya bar danƙo a ƙananan hanyoyin kafireto, musamman ta silo, wato juyin inji lokacin da ba a ba shi totur ba. Kwance filtar da ke raba ruwa da mai, ka juye ta a kwalba mai haske. In da ruwa, za ka gan shi kwance a ƙasa. Canja man da filtar, a wanke kafireto, sannan ka duba silo. Yawancin irin wannan inji yana son juyi 600 zuwa 700 a minti yana cikin giya, amma littafin injinka ne alƙali. Ina roƙonka kada ka ɗaga silo don ka ɓoye matsalar. Injin zai daina mutuwa, amma duk shigar giya zai riƙa dukan kuloci.

In bai gyaru ba, cire fulogogi ka jera su bi da bi. Wanda ya fito da tsatsa ko ya yi fes kamar an wanke shi, ruwa na shiga silindarsa. A jirgi, wannan yakan fito ne daga bututun hayaƙi da ruwa ke sanyayawa, in tsatsa ta ci shi ko gasket ɗinsa ya saki. A auna matsin kowace silinda. Bai kamata bambancinsu ya wuce kashi 10 zuwa 15 cikin 100 ba. Baƙin mai da ya koma kamar madara ma shaida ce.

Yanzu giya. Kashe inji, bar ta a firi, ka juya sandar farfela da hannu. In ta yi tauri, nemi igiya da ta naɗe farfela, ko abin tare ruwa na sandar da aka ɗaure fiye da kima, ko inji da ya goce daga saitinsa. Kowanne yana iya kashe inji a silo.

Gwajin da na fi so ba ya cin ko sisi. Ɗaure jirgin da kyau a gaɓa, cire kebul ɗin giya daga ɗan hannun da ke jikin giyar, ka tayar da inji, ka tura hannun da kanka har ka ji ya zauna daram. In ta shiga nan take, giyarka lafiya take, kebul ne ya tsufa ko saitinsa ya goce. Giya mai aiki da matsin mai irin Velvet Drive ba ta jure shigar rabi da rabi, haka ake ƙona kuloci mai kyau saboda kebul.

Sai ka zaro sandar awon man giya. Jan man ATF ne a yawancinsu, irin na giyar mota otomatik. In ya yi ƙasa, wannan kaɗai ya isa ya kawo jinkiri. In ya koma ruwan hoda mai kauri, abin sanyaya man ya huje, ruwa ya shiga. In kuwa ya yi baƙi yana warin ƙuna, kana ba da totur inji na ihu jirgi bai tafiya, to faifan kuloci sun cinye. A nan ne makanike zai ɗaura ma'aunin matsin mai ya tabbatar, sannan a sauke giyar. In ta kai ga haka, a canja abin sanyaya man a lokaci guda, domin burbushin tsohon kuloci yana maƙalewa a cikinsa ya koma cikin giyar da aka gyara.