Shin Kwamfuta Na Iya Lissafa Gudanar Jini a Zuciya?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Na ji an ce yanzu likitoci suna iya sanin yadda jini ke gudana a ƙofofin zuciya da jijiyoyi ta hanyar lissafin kwamfuta, ba tare da an zura wa majinyaci komai ba. Shin gaskiya ne? Daga wata ɗaliba a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Gaskiya ne, amma da sharaɗi. Ana ɗaukar hoton CT na zuciyar, wato hoton cikin jiki da ake ɗauka yanki-yanki da hasken X-ray, a fitar da siffar jijiyoyin da lanƙwasarsu da inda suka tsuke, sannan a yayyanka siffar gutsi-gutsi, kwamfuta ta lissafa saurin jini da matsinsa a kowane gutsure bisa ƙa'idojin gudanar ruwa na Navier-Stokes. A shekarar 2014 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta amince da manhajar HeartFlow, wadda ke yin wannan aiki a jijiyoyin da ke ciyar da zuciyar kanta.

Tushen ilimin ya daɗe. Tun a shekarun 1840 wani likita Bafaranshe, Poiseuille, ya gano cewa idan faɗin siririn bututu ya ragu da rabi, ruwan da ke wucewa yakan koma kashi 1 cikin 16, matuƙar matsin bai canza ba.

A ganina, wuyar aikin tana wajen ƙofofin nan huɗu na zuciya, domin ba a kafe suke kamar bututu ba. Fatu ne marasa kauri da ke buɗewa da rufewa kusan sau 100,000 a rana. Jini ke tura su, su kuma suna karkatar da jinin, saboda haka ba a iya lissafa ɗaya a bar ɗaya. Charles Peskin, masanin lissafi a Amurka, shi ne ya ɓullo da dabarar haɗa su a lissafi guda a 1972, kuma har gobe ana amfani da ita.

Sharaɗin kuwa shi ne, kwamfuta abin da aka ba ta shi take tauna. Idan hoton ya yi dishi-dishi, ko aka yi kuskure wajen ƙiyasta matsin jinin majinyacin, amsar za ta kauce. Shi ya sa a asibitocinmu, inda ake yawan ganin ƙofofin da ciwon maƙogwaron da ba a yi wa magani ba ya lalata tun yarinta, na'urar eko, wadda ke nuna hoton zuciya ta hanyar amfani da sauti, ita ce madogara. Ita ma da lissafi take aiki: idan jini ya ratsa tsukakkiyar ƙofa da saurin mita 4 a sakan, likita ya san bambancin matsin tsakanin gaban ƙofar da bayanta ya kai kusan 64 a ma'aunin da ake auna hawan jini da shi.