Tsuntsun da ka gani a fadamar Haɗeja da kuma batun sunan "mai kama kawa"

Ɗan'uwa, ka tambaya ko tsuntsun nan baƙi da fari mai jan ƙafa da ka gani yana kiwo a fadamar Haɗeja shi ne wanda Turawa ke kira oystercatcher, da kuma ma'anar sunan.

A ganina ba shi ba ne. Duba bakinsa. Na fadamarmu bakinsa baƙi ne siriri kamar allura, ƙafafunsa dogaye zaƙo-zaƙo. Masana na ce masa Himantopus. Wancan kuwa ɗan gaɓar teku ne, bakinsa ja ne mai kauri, da shi yake ɓare ƙumba.

Sunan oystercatcher na nufin "mai kama kawa"; kawa wata halittar teku ce mai ɓawo mai tauri. Mark Catesby, wani Baturen Ingila masanin halittu, ne ya raɗa shi a 1731 don irin na Amurka, alhali ƙumba da tsutsa sun fi kawa yawa a cimar yawancinsu. Ni sunan masana ya fi burge ni: Haematopus, daga Girkanci, haima jini, pous ƙafa, wato "ƙafar jini". Irin na kudancin Afirka ma baƙi ne wuluk, ba ɗigon fari.

In ka koma fadamar da sassafe, ɗauko mana hotonsa.