Kafin inji na biyu, fara rubuta sunayen ma'aikatanka

Wani mai injin casar shinkafa daga Kura ya rubuto cewa yana da ma'aikata 14, ƙanensa ne ke biyan su a hannu duk ƙarshen mako, kuma an shawarce shi ya yi rajista da NSITF, hukumar gwamnati da ke biyan diyya ga ma'aikacin da ya ji rauni a wurin aiki. Yana tambaya ko ba gara ya tara kuɗin ya sayi inji na biyu ba, tunda yaran kusan duk 'yan gida ne, kuma yana sa ran riba ta ninka cikin shekara guda.

Alhaji, maganar ninka riba zan ajiye ta gefe, domin na ji irinta har na gaji. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne ba ka da takarda ko ɗaya da ta nuna wane ne ke maka aiki, yaushe ya fara, kuma nawa yake karɓa. Lissafin gaba ɗaya yana cikin kan ƙanenka.

Dokar biyan diyyar ma'aikata ta 2010 ta wajabta wa mai ɗaukar ma'aikata ya zuba wa NSITF kashi 1 cikin 100 na jimlar albashin da yake biya duk wata, daga aljihunsa, ba tare da ya cire daga haƙƙin ma'aikaci ba, kuma ta haɗa har da masu aikin wucin gadi da masu koyon sana'a. Idan kowane yaro yana samun Naira 70,000 a wata, abin da za ka biya Naira 9,800 ne. Wane inji za ka saya da wannan?

Sai dai ita diyyar a kan albashi ake lissafa ta, don haka idan babu albashi a rubuce, da wuya ka iya tabbatar da abin da ya kamata a biya. Na san wani mai gidan burodi da injin kwaɓa fulawa ya cinye wa ɗan yayarsa yatsu uku da asuba. Shi ma ɗan'uwansa ne ke riƙe da biyan kuɗi, kuma da aka zauna, ya ce yaron bai cika wata biyu a wurin ba, uwar yaron ta rantse ya shekara. Babu abin da zai raba gardama. Maigidan ya sayar da motar rabon burodi ya biya asibiti da abin da dattawa suka yanke, kuma har yau yayarsa ba ta taka ƙofar gidansa. Zumuncin da ya dogara da shi ne ya fara lalacewa, domin raunin ɗan gida ya fi na bare tsada.

Ban ce ƙanenka maci amana ba ne, amma bel ɗin inji ba ya tambayar dangantaka, kuma ƙwaƙwalwar mutum ba hujja ba ce a gaban hukuma. Ka buɗe littafi a wannan makon: suna, ranar fara aiki, abin da aka biya, da sa hannu ko dangwale. Idan da hali ka riƙa biya ta banki. Daga nan ka je ofishin NSITF da kanka, kada ka aiki kowa. Ka kuma sanar da yaran cewa wanda ya ji rauni ya faɗa maka cikin kwana 14, kai kuma kana da kwana 7 ka kai rahoto ga hukumar.

Idan littafin ya cika wata shida, ka sake rubuto mini mu duba ko cinikinka zai ɗauki inji na biyu.