Amsa: Riƙon shago alhali akwai wanda ya girme ka

Ɗan'uwa, ka ce an ba ka riƙon shagon ɗinki a Kasuwar Dole ta Damagaram, amma wani tela da ya girme ka ba ya jin maganarka. Kada ka yi masa faɗa a gaban yara. Ka same shi ku biyu bayan la'asar, ka nemi shawararsa, ka damƙa masa yankan yadi da duba aikin masu koyo.

Na daɗe a sana'ar nan a Damagaram, babba raini yake gudu. Amma da sharaɗi: kafin ɗinkin sallah, ku yanke jika nawa za ka biya shi a kowace riga, a rubuta. Ka biya shi ranar da ka faɗa, in ka saɓa, yaran za su bi bayansa.