Wane irin mai zan saya don sanyaya furosesa?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Kwamfutata ta tebur ta shekara biyar ba a taɓa buɗe ta ba. Kwanan nan idan na fara haɗa bidiyo sai fanka ta kama gurnani, zafin furosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfutar, ya kai digiri 95, aiki ya koma tafiyar hawainiya. An ce in canja man da ake shafawa tsakanin furosesa da ƙarfen sanyaya. Da na duba sai na tarar da su iri-iri: wani an rubuta 5 W/mK, wani 8.5, wani 12.5, har da wani da ake kira ruwan ƙarfe mai 73. Abokina ya ce in ɗauki mai lamba mafi girma kawai. Ina kuma da laftof da take zafi, ko mai ɗaya zai yi musu duka?

Amsa: Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, kada ka bi shawarar abokin nan naka, musamman kan ruwan ƙarfen. Sayi mai wanda ba ya ɗaukar wutar lantarki daga kamfanin da aka sani, kamar Arctic MX-4 ko MX-6, ko Noctua NT-H1 ko NT-H2. Kowanne daga cikinsu zai ishi kwamfutarka ta tebur. Laftof kuma tana da nata zancen, zan zo kai.

Idan ka gane aikin da man yake yi, lambobin nan za su daina ruɗa ka. Masu gyara suna ce masa tamal fes, kuma shi kansa ba ya sanyaya komai. Murfin furosesa da ƙasan ƙarfen sanyaya a ido sumul suke, amma duka biyun cike suke da 'yan ramuka da ƙananan tudu da ido ba ya gani. In ka haɗa su haka nan, iska ce za ta maƙale a ramukan, iska kuwa ba ta wuce da zafi. Ma'aunin W/mK ɗin da ka gani yana nuna yadda abu yake barin zafi ya ratsa shi: na iska kusan 0.026 ne, na alminiyam ya haura 200, na jan ƙarfe kusan 400. Man da aka rubuta wa 8 ya fi iska sau ɗaruruwa, amma jan ƙarfe ya fi shi sau hamsin. Aikinsa ke nan, ya kori iska ya cike ramuka, ya bar ƙarfe ya matso kusa da ƙarfe iya yadda zai yiwu. Duk abin da ya ƙaru a kan haka, katanga ya zama.

Ga ɗan lissafi na misali. Ka ɗauka furosesa tana fitar da zafin wat 100 ta murfi mai santimita 3 tsawo da 3 faɗi, man kuma ya matsu ya zama siriri, kaurin milimita 0.03. Idan mai lamba 5 ne, bambancin zafi tsakanin gefensa biyu bai kai digiri ɗaya ba. In ka koma mai lamba 10, rabin wannan ɗan abin za ka ceto. Amma bar man nan mai lamba 5 ya yi kauri ninki goma saboda ba a ɗaure ƙarfen da kyau ba, nan take ka yi asarar kusan digiri bakwai. A zahiri zafin yakan taru a tsakiya, don haka bambancin yakan ɗan fi na lissafin, amma tsakanin mayuka masu kyau da wuya ya wuce digiri biyu zuwa uku a kwamfutar tebur. Wanda ya ce maka ya canja mai zafi ya sauka da digiri goma sha biyar, gaskiya ya faɗa, sai dai tsohon man ne ya mutu, kowane sabo mai kyau da ya sa haka zai gani.

Sannan lambar da ke jikin kwali, kamfani ne ya auna ta da hanyarsa. Na wannan ba ta dacewa da ta wancan, kuma mai sunan da ba a sani ba yana iya rubuta duk abin da ya ga dama. Noctua ba ya buga wannan lambar a mayukansa, Arctic ma ya daina bugawa a sababbin nasa. Ni na fi duba abu uku: shin yana ɗaukar wuta, yaya kaurinsa yake, kuma shekara nawa zai yi kafin ya bushe. Arctic ya ce MX-4 yana kai shekara 8 bayan an shafa, Noctua ya ce NT-H1 yana kai 5. Ga mutumin da ba ya buɗe kwamfutarsa sai bayan shekara biyar, wannan ya fi digiri ɗaya daraja. Ka kuma kula da jabu, domin mayukan da suka yi suna su aka fi kwaikwaya. Ƙaramin sirinji mai giram 4 zai yi maka shafi da yawa, ba ka bukatar babba.

Yanzu ruwan ƙarfe. Wannan ba mai ba ne ma, haɗin ƙarafa ne da suke zama ruwa-ruwa ko ba a ɗumama su ba: galiyam, indiyam da kuza. Galiyam shi kaɗai yana narkewa a ƙasa da digiri 30. Yana wuce da zafi sosai, babu musu, shi ya sa Sony ya sa shi a PlayStation 5 a 2020, amma sai da aka tsara wurin da shinge na musamman da zai hana shi malala. Matsalarsa biyu ce, kuma kowacce tana iya kashe na'ura. Yana ɗaukar wuta, ɗigo ɗaya in ya gangara kan madabod, wato babban allon da sassan kwamfuta suke kai, ya haɗa layukan wuta, an gama. Kuma yana cin alminiyam, yana shiga cikinsa ya rubar da shi. An taɓa kawo mini ƙarfen sanyaya na alminiyam da aka shafa wa shi. Ƙasan ya yi baƙi-baƙi ya kumbura, da na danna shi da bakin sukuduraba sai ya dinga marmashewa. Mai shi ya zaci ya yi wa kwamfutarsa gata. Da yawa daga ƙarafan sanyayar da ke zuwa tare da furosesa a kwali alminiyam ne, in naka irinsu ne to ruwan ƙarfe haramiyarka ne. Ko da na jan ƙarfe ne, ribar da za ka samu a kan furosesa mai murfi ba ta kai kasadar ba.

A laftof kuwa babu murfi. Ƙarfen sanyaya a kan guntun silikon, wato ainihin furosesar, yake zaune kai tsaye, wuri ƙarami mai santsi kamar madubi, zafin duka a nan yake fita. Duk lokacin da na'urar ta yi zafi ta huce, ƙarafan suna ɗan buɗewa suna tsukewa, a hankali suna tura man zuwa gefe. Shi ya sa mutum zai canja mai, ya ji daɗi wata biyu ko uku, sai zafi ya dawo. In ka buɗe za ka ga tsakiya fayau, man duk ya taru a baki-baki. Mai ruwa-ruwa ya fi saurin gudu, don haka a nan mai kauri ake so. Abin da na fi amincewa da shi a laftof da katin hoto, wato sashen da ke sarrafa hoton da ke fita a allo, shi ne Honeywell PTM7950. Siririn falle ne da ake yanka daidai girman guntun a ɗora, yana laushi idan zafi ya kai wajen digiri 45 ya cike ramuka, in ya huce ya sake daskarewa, saboda haka ba ya gudu da sauƙi. Ɗora shi yana son haƙuri don yana yagewa. In ka sanyaya shi a firji na ɗan lokaci ledar da ke lulluɓe da shi ta fi saurin ɓarewa. Ka lura da 'yan katifun roba masu laushi da za ka gani a kan wasu sassa kusa da furosesar. Kada ka cire su ka maye gurbinsu da mai, tazara suke cikewa wadda mai ba zai iya ba. In laftof ɗin tana da sauran garanti, duba sharuɗɗansa kafin ka kwance ta.

Ranar da za ka yi aikin, fara kunna kwamfutar ta ɗan yi ɗumi, sannan ka kashe ka zare waya. Tsohon mai yana kamawa kamar gam. Kwance sukurorin, ka ɗan murɗa ƙarfen hagu da dama kafin ka ɗaga. Kada ka fizge, musamman in furosesar AMD ce ta soket ɗin AM4 (soket shi ne mazaunin furosesa a kan madabod), domin takan biyo ƙarfen ta fita daga mazauninta, ƙafafunta sirara su lanƙwashe. Bayan shekara biyar, abin da nake tsammanin za ka tarar shi ne toka-tokan ɓawo da ya tsattsage kamar busasshen taɓo, yana fita gari-gari in ka taɓa. Goge fuskokin biyu da ƙyalle marar gashi da sifirit ɗin aisofurofil mai ƙarfin kashi 90 ko fiye, har sai ƙyallen ya daina yin baƙi. Bar su su bushe, kuma kada yatsanka ya sake taɓa su.

Ɗiga man a tsakiyar murfin, ɗigo mai faɗin milimita 4 zuwa 5, ya ɗan fi kan ashana. Ba sai ka baza ba, matsin ƙarfen zai yi wannan. In murfin dogo ne, irin na Intel na soket ɗin LGA1700, ja siririn layi a tsawonsa ko ka ƙara ƙananan ɗigo huɗu kusa da kusurwoyi. A guntun laftof marar murfi kuwa, in mai za ka sa, baza shi siriri ya rufe ko'ina, don kusurwar da ta rasa mai za ta yi zafi ita kaɗai. Ɗora ƙarfen a miƙe sau ɗaya, ka ɗaure sukurori a gicciye, wannan kusurwa sai mai kallonta, kaɗan-kaɗan har su ƙare. In ka ɗaga don ka leƙa, iska ta shiga, goge ka sake. In kuma sabon ƙarfen sanyaya ka saya, juya shi ka duba ƙasansa: akwai ledar kariya da ake mantawa ba a ɓare ba, kuma ta sha sa mutane zargin man da ba shi da laifi. Wasu kuma suna zuwa da nasu man a shafe, wannan ya isa, kada ka ƙara wani a kai.

Tun da ka buɗe, duba tsakanin fanka da siraran faifan ƙarfen. A kwamfutar da ta shekara biyar a rufe, sau da yawa ƙura takan yi kauri a nan kamar bargo, kuma ina kyautata zaton tana da hannu a digiri 95 ɗin nan naka. Riƙe fankar da yatsa don kada ta juya, ka hure ƙurar, ka tabbatar tana juyawa sumul ba ta gogar komai. Kafin ka fara duk wannan, buɗe manhajar auna zafi irin HWiNFO, ka haɗa bidiyo ɗaya ka rubuta zafin da ya kai, bayan ka gama ka maimaita da bidiyon nan dai. In zafin ya sauka ya tsaya tsakanin 70 da 85 a lokacin aiki mai nauyi, kana lafiya. In har yanzu yana taɓa 95 bayan sabon mai da shara, sake duba ɗaurin sukurorin. In sun zauna daidai, to ƙarfen sanyayar ne ya yi wa furosesar kaɗan, shi za ka canja.