Ƙaramin ɗan kasuwa zai iya fitar da zoɓo ƙasar waje?

Malam, ka ce kana sayen zoɓo da riɗi a ƙauyukan Jigawa kana kaiwa Dawanau, kana tambaya ko mai ɗan jari irinka zai iya gogayya da manyan kamfanonin da ke fitar da kayan nan. Zai iya, amma kada ka ja da su a farashi, can sun fi ka ƙarfi.

Inda za ka tsere musu shi ne tsabtar kaya. Meksiko, babbar kasuwar zoɓonmu, ta taɓa dakatar da shigarsa saboda ƙwari. A 2015 kuma Tarayyar Turai ta hana shigar busasshen waken Najeriya saboda maganin ƙwarin da ake zuba masa a rumbu. Kai da ka san manomanka ɗaya bayan ɗaya, kana iya hana su shanya a ƙasa, ka ba su tamfal, ka sa a tsince yashi da karare. Babban kamfani da ke saye ta hannun dillalai goma bai san gonar da kayansa suka fito ba.

Takardu ba su da wuya sosai: rajistar CAC (hukumar rajistar kamfanoni), ta NEPC (hukumar bunƙasa fitar da kaya ƙasar waje), fom ɗin NXP (na bayyana kayan da za ka fitar da kuɗinsu) ta bankinka, da shaidar lafiyar tsirrai daga NAQS (hukumar duba lafiyar kayan gona masu shiga da fita ƙasa).

Kwantena kam ta fi ƙarfin mutum ɗaya. Ku haɗu ku huɗu ko biyar ku cika ta. Kuma kada buhu ɗaya ya bar Legas sai mai saye ya biya kafin alƙalami ko ya buɗe wasiƙar lamuni ta banki.